Gidan Poundmaker: Yadda 'Yan Asalin Kanada Suka Kafa Gidan Jiyyar Mashaya

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin yadda aka kafa wani gidan jiyyar mashaya a ƙasar Kanada, da yadda aka tafiyad da shi tun daga 1973. Sunan gidan Poundmaker's Lodge, yana gefen garin St. Albert, kusa da birnin Edmonton, cikin Lardin Alberta. Gida ne na 'yan asalin ƙasar, watau mutanen da Turawa suka tarar a can suka laƙaba musu sunan Indiyawa bisa kuskure, kuma yana cikin na farkon irinsa a Kanada duka. Tarihinsa ya cancanci nazari domin a cikinsa a ke ganin wata tambaya da ta shafi kowace jama'a da aka mallaka: in an tashi gyaran ɓarnar da mulki ya bari, wa zai riƙe ragamar aikin, wa kuma zai riƙe jakar kuɗin?

Ba a fahimtar gidan sai an san yadda barasa ta shiga ƙasar. Kabilun filayen yammacin Kanada, irin su Cree da Blackfoot, ba su san ta ba kafin zuwan Turawa. Fatake ne suka kai musu. Kamfanin Hudson's Bay, wanda aka kafa cikin 1670, da kishiyarsa, kamfanin North West, sun daɗe suna gasar sayen fatu masu gashi, kowanne yana jawo mafarauta da barasa, a sirka ta da ruwa, a shayad da mutum tukuna sa'an nan a yi ciniki. Da kamfanonin biyu suka haɗe cikin 1821 abin ya ɗan lafa. Amma cikin 1869 waɗansu 'yan kasuwa daga Montana, ta ƙasar Amurka, suka ƙetaro iyaka suka gina sansani mai suna Fort Whoop-Up, suna musayar barasa da fatun ɓauna. Ɓarnarsu na cikin dalilan da suka sa Gwamnati ta kafa 'yan sandan doki cikin 1873, ta tura su yamma cikin 1874. Kafin 1880 ɓaunar kanta ta ƙare a filayen, alhali kuwa ita ce abincin mutanen, ita ce tufarsu, da fatarta kuma su ke kafa tanti.

A cikin wannan zamani na yunwa mutumin da aka sa wa gidan sunansa ya yi tashe. Poundmaker sarki ne na Cree. Ma'anar sunansa mai gina shingen da a ke koro ɓauna ciki a ritsa su. Yana cikin waɗanda suka yi ja-in-ja da wakilan Sarauniya kan Yarjejeniya ta 6 cikin 1876, wadda a cikinta aka yi alkawarin akwatin magani, da taimako in yunwa ko annoba ta faɗo, aka kuma rubuta cewa ba za a shigad da barasa yankunan da aka keɓe wa kabilun ba. Ran 2 ga Mayu 1885 soja suka kai wa zangonsa hari a Cut Knife, aka fi ƙarfinsu suka ja da baya, shi kuwa ya hana mayaƙansa su bi su. Duk da haka aka yi masa shari'ar cin amanar ƙasa, aka yanke masa shekara 3 a kurkuku. An sake shi kafin wa'adin ya cika saboda rashin lafiya, ya rasu cikin 1886. Sai ran 23 ga Mayu 2019 Firayim Minista Justin Trudeau ya wanke shi daga laifin. Saboda haka sa'ad da aka raɗa wa gidan suna cikin 1973, a littattafan Gwamnati mai sunan yana nan a matsayin mai laifi.

Dokar Indiyawa ta 1876 ta hana a sayar wa ɗan asali barasa, ta kuma sa buguwarsa ta zama laifi. Dokar ba ta hana sha ba, sai dai ta canja yadda a ke yinsa. Mutumin da ya san in an gan shi da kwalba za a ɗaure shi, ya kan saya a ɓoye da tsada, ya kwankwaɗe ta maza a bayan gida ko a daji kafin ɗan sanda ya iso. Masana da yawa suna ganin a nan ne ɗabi'ar sha har a faɗi ta yi saiwa. An fara sassauta dokar cikin 1951. Cikin 1969 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan shari'ar Joseph Drybones, wanda aka kama a buge a wani masauki a Yellowknife, ta ce ba daidai ba ne a hukunta Ba'indiye kan abin da ba laifi ba ne ga Bature. Cikin 1985 aka bar wa majalisar kowace kabila ikon hana barasa a yankinta in ta ga dama. Har wa yau wannan doka ce, tun daga 1895, ta hana waɗansu manyan bukukuwan ibada na kabilun filaye, ba a ɗage hanin ba sai 1951. Ya kamata a faɗa a nan cewa maganar nan da a ke yayatawa, wai jinin ɗan asali ne ba ya ɗaukar barasa, bincike bai tabbatad da ita ba. Ƙidayar lafiya ma ta nuna cewa rabon waɗanda ba su sha sam ya fi yawa a cikin 'yan asali bisa ga sauran mutanen Kanada, ko da ya ke a cikin masu sha ɗin, masu wuce kima sun fi yawa.

Sai kuma makarantun kwana, waɗanda Gwamnati ke biya, Mishan ke gudanarwa. An ƙiyasta yara wajen 150,000 aka raba da iyayensu aka kai can, aka hana su harshensu da ibadar kakanninsu. Ɗaya daga cikinsu ita ce makarantar kwana ta Edmonton, wadda aka buɗe cikin 1924 a gefen St. Albert, aka rufe cikin 1968. A filinta ne kuma aka riƙa binne waɗansu da suka rasu a asibitin Charles Camsell na Edmonton, inda a ke kai 'yan asali masu tarin fuka daga nesa, har daga ƙasar ƙanƙara ta Inuit. Yaran makarantar a kan sa su haƙa kaburburan.

Cikin 1969 Gwamnatin Tarayya ta fito da wata takarda mai neman a soke Dokar Indiyawa da matsayi na musamman da yarjejeniyoyi suka ba su. Ƙungiyar Indiyawan Alberta, ƙarƙashin Harold Cardinal, ta mayad da martani da tata takarda cikin 1970, Gwamnati ta janye. A shekarar nan kuma iyaye suka yi zaman dirshan a makarantar Blue Quills, kusa da St. Paul, har aka bar musu ita su gudanar da kansu. Ra'ayin da ya bazu a lardin shi ne, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Akwai wuraren jiyyar mashaya na lardi, amma 'yan asali kaɗan ke zuwa, waɗanda suka je kuma da yawa ba su kai ƙarshe. Ga wanda ya tashi a makarantar kwana, dogon ɗakin kwana da ƙararrawa da Bature mai tambayoyi yana rubutawa ba baƙin abubuwa ba ne, kuma ba su tuna masa da alheri.

A kan wannan ne waɗansu 'yan asali, cikinsu har da Eric Shirt, mutumin Cree daga Saddle Lake, suka buɗe ɗan ƙaramin gida a Edmonton cikin 1973. Cikin 1974 aka ƙaura da shi zuwa filin tsohuwar makarantar kwanan nan ta St. Albert. Dalilin a fili ya ke: ga gine-gine a zaune ba kowa, ga fili, ga nisa da mashayar birni, masu kafa gidan kuwa ba su da kuɗin gini. Amma zaɓin yana da nauyi. Cikin masu zuwa jiyya akwai waɗanda a wannan fili aka aske musu kai suna yara, aka doke su don sun yi magana da harshen uwa. Waɗansu suka ɗauki abin ramuwa ce, cewa inda aka hana addu'ar kakanni nan ne aka komo aka yi ta a sarari. Ga waɗansu kuwa wurin fami ne kawai. Tsohon ginin makarantar ya ƙone cikin 2000.

Abu na farko da ya tsaya wa masu gidan shi ne hanyar jiyya. Hanyar da ta yi suna a lokacin daga Amurka ta fito. Ƙungiyar mashaya masu ɓoye suna, wadda a ke kira AA, an kafa ta cikin 1935 a Akron, tana da matakai 12, waɗanda suka fara da mutum ya yarda giya ta fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga wani Iko da ya fi shi, ya yi wa kansa hisabi, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta. A Minnesota kuma aka haɗa waɗannan matakai da aikin likita, aka tsara zaman kwana 28 a gida guda, da lacca, da tattaunawa a rukuni. Gidan Poundmaker ya ɗauki wannan tsari, bai kuwa ɓoye ba. Akwai hikima cikin haka, domin Gwamnati ta san tsarin, tana iya lissafa kuɗinsa, mai fita daga gidan kuma zai sami taron AA a kusan kowane gari.

Amma kayan aro ba ya rufe katara. Saboda haka aka shigo da dattawa masu sanin al'ada, aka sa su cikin aikin sosai. Da safe a kan turara hayaƙin wata ciyawa mai ƙanshi, mutum ya shafa a fuska da ƙirji, a yi addu'a. A kan zauna a kewaye, ba mai teburi a gaba, kowa ya yi magana in layi ya zo kansa, ba mai katse shi. Akwai bikin lofe, inda a ke zagayawa da lofen taba mai alfarma. Mafi girma duka ita ce bukkar surace. A kan lanƙwasa rassa a yi 'yar bukka mai kama da ƙwarya a kife, a lulluɓe ta da barguna har ba haske, a haƙa rami a tsakiya, a ɗauko duwatsun da aka gasa a wuta a zuba ciki. Dattijo ya riƙa yayyafa ruwa, tururi ya tashi, ana waƙa ana roƙo, yawanci zagaye 4, ana buɗe ƙofa tsakanin kowane biyu. Mutumin da ba zai iya faɗin abin da ke cinsa a gaban mai biro da takarda ba, sau da yawa a cikin duhun nan ya kan faɗa. Ikon nan da AA ta bar wa kowa ya fassara, a nan aka kira shi Mahalicci.

Haɗin bai zo da sauƙi ba, kuma kuskure ne a zaci al'adar tana nan ajiye ana jira a ɗauko. Hanin shekara fiye da 50 da makarantun Mishan sun yi aikinsu. Da yawa cikin masu jiyya Kirista ne da aka koya musu cewa bukukuwan kakanni aikin Shaiɗan ne, a gidan jiyya suka fara ganin bukkar surace. Ban da haka 'yan asali ba kabila ɗaya ba ne. Al'adar Cree ta filaye daban ta ke da ta Dene na arewa, ko ta Inuit, ko ta Métis, watau zuriyar auratayya tsakanin fatake Turawa da matan ƙasa. Mai gudanar da irin wannan gida dole ya yanke shawara ko za a tilasta wa kowa shiga biki, da wane dattijo za a kira, da yadda za a rubuta ladansa a takardar kuɗi wadda ba ta da gurbin dattijo, sai na likita da na akawu.

Daga nan sai maganar ma'aikata, wadda a ganin mai nazari ita ce wurin da masu kafa gidan suka fi nuna hangen nesa. Sun ƙudura cewa 'yan asali ne za su yi aikin, amma a 1973 'yan asali masu takardar shaida a wannan fanni ba su taka kara sun karya ba. Waɗanda ke akwai su ne tsofaffin mashaya da suka daina, masu sanin ciwon daga ciki, marasa ilmin makaranta mai zurfi. Maimakon a ɗauko Turawa a ce na wucin gadi ne, sai cikin 1974 aka kafa makarantar horo mai suna Nechi, wadda ta zauna wuri guda da gidan jiyya shekara da shekaru. Malaman kwalejojin horo za su lura da tsarinta. Ba a raba ɗalibi da aikinsa na dogon lokaci. Ya kan zo ya yi 'yan kwanaki, ya koma garinsu ya gwada abin da ya koya, ya komo da abin da ya gagare shi. Ana kuma bukatar ya fara duban nasa rauni kafin ya taɓa na wani, shi kansa kuma ya kasance ba ya sha, domin a ƙaramin gari kowa ya san inda kowa ya kwana ran Asabar. Maggie Hodgson, mutuniyar kabilar Carrier, ta shugabanci Nechi shekaru da yawa, a hannunta kuma sunan makarantar ya kai ƙasashen waje. Gidan Poundmaker yana iya karɓar mutum kaɗan ne a lokaci guda, amma waɗanda Nechi ta horar sun watsu cikin ƙasar, su ne suka riƙe gidaje da yawa da aka buɗe daga baya.

Jiyya ta kwana 28 ba ta da amfani mai ɗorewa in mutum zai koma inda kowa ke sha. Misalin da a ke kawowa kullum a kan wannan shi ne na Alkali Lake, wani ƙauyen kabilar Shuswap a lardin da ke yamma da Alberta, watau British Columbia. Cikin 1972 Phyllis Chelsea ta daina sha bayan 'yarta ƙarama ta ƙi bin ta gida, mijinta Andy ya bi sahu, ba da daɗewa ba kuma aka zaɓe shi sarki. Majalisarsa ta hana motocin da ke kawo barasa, ta sa aka kama masu sayarwa a ɓoye ko da dangin sarki ne, ta mayad da kuɗin taimako na mashaya ya zama takardar karɓar abinci a kanti. Wanda ya yarda ya tafi jiyya, a kan kula da 'ya'yansa, a gyara masa gida kafin ya komo, a nema masa aiki. A tsakiyar shekarun 1980 aka ce kashi 95 cikin 100 na manyan garin sun daina sha, aka yi fim a kan labarin, ya zaga yankunan 'yan asali. Adadin na mutanen garin ne da kansu, kuma an sami koma baya a tsakanin matasa daga baya. Duk da haka darasin ya shiga: rabin aikin gidan jiyya a wajen katangarsa ya ke.

Kuɗi kuwa bai taɓa zama a hannun masu gidan ba. A da ya kan fito daga hukumar lardi mai kula da sha'anin shaye-shaye, wadda aka kafa cikin 1970, da kuma Gwamnatin Tarayya. Cikin 1975 Tarayya ta fara wani shiri na gwaji don yaƙi da barasa a tsakanin 'yan asali, cikin 1982 ta tabbatad da shi da sunan NNADAP, har ya kai yana ɗauke da gidajen jiyya wajen 50, yawancinsu a hannun kwamitocin 'yan asali. Wannan ci gaba ne babba. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mai ba da kuɗi gado ya ke ƙirgawa da kwanaki, saboda haka abin da ba ya ƙirguwa, kamar bin sawun mutum bayan ya koma gida, shi a ke fara yankewa. A wancan lokaci Tarayya ce ke da alhakin Indiyawa masu rajista, lardi ke da na Métis da marasa rajista, sai ga mutum biyu a ɗaki ɗaya, ciwo ɗaya, takardun biya iri biyu. An sha kuka kuma cewa albashin ma'aikatan shirin bai kai na takwarorinsu na lardi ba, har ya zama gida ya horad da mutum, wani ya ɗauke shi. An yi wa shirin babban bita cikin 1998, aka sake masa tsari cikin 2011, inda aka rubuta a sarari cewa al'ada ita ce tushen jiyyar.

Auna nasara ma yana da wuya. Mai biya yana so ya ji mutum nawa suka cika kwanakinsu, nawa ne ba su sake sha ba bayan shekara guda. Masu gidan su kan ce wanda ya zame sau biyu amma ya karɓo 'ya'yansa daga hannun hukuma, ya koma magana da uwarsa, bai fāɗi ba. Dukansu suna da hujja, gaskiya kuwa ita ce binciken da ya bi sawun masu fita na dogon lokaci bai yi yawa ba.

Wani abu kuma ya fito wanda masu kafa gidan ba su shirya masa ba. Da mutane suka wartsake, sai suka fara faɗin abin da aka yi musu a makarantun kwana, har da lalata da yara. Ma'aikatan jiyya sun ji wannan tun kafin ƙasar ta ji. Cikin 1990 Phil Fontaine, shugaban sarakunan Manitoba, ya faɗi nasa a bainar jama'a. Cikin 1998 Gwamnati ta ba da dala miliyan 350 aka kafa gidauniyar warkarwa, wadda ta rufe cikin 2014. Cikin 2008 Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a majalisa, cikin 2015 kuma Hukumar Gaskiya da Sulhu ta fitad da bukatu 94, cikinsu har da neman kuɗi mai ɗorewa ga gidajen warkarwa. Wannan ya sa kwana 28 ya kasa. Gidan Poundmaker ya tsawaita zamansa na manya zuwa kwana 42, ya buɗe na kwana 90 don matasa, da wani sashe na mata, ƙofarsa kuma a buɗe ta ke ga wanda ba ɗan asali ba.

Labarin ya ƙetare teku. 'Yan asalin Ostareliya suna da irin wannan tarihi na hani da raba yara da iyaye, har ma gidansu na jiyya mai suna Benelong's Haven, wanda Val Bryant ta kafa cikin 1974, shi ma daga baya ya koma tsohon gidan tsare yara na Kinchela. A farkon shekarun 1990 aka gayyaci Eric Shirt ya taimaka wajen kafa shiri a Alice Springs. Wata masaniya, Maggie Brady, ta yi gargaɗi cewa kada a ɗauki al'ada tamkar ƙwayar magani da za a ɗauko daga wata ƙasa a haɗiya a wata, domin bukkar surace baƙuwa ce a hamadar Ostareliya kamar yadda AA ta ke. Cikin 1992 kuma Maggie Hodgson ta jagoranci taron farko na 'yan asalin ƙasashen duniya kan warkarwa, a Edmonton, aka yi na biyu a Sydney cikin 1994.

Ginin da gidan Poundmaker da makarantar Nechi suka zauna ciki tare mallakar Gwamnatin Alberta ne, su biyun a lokacin 'yan haya ne. A ƙarshen 2019, sa'ad da mace-macen ƙwayoyi masu ƙarfi irin su fentanil suka yi yawa a lardin, Gwamnati ta ba Nechi sanarwar ta tashi kafin ƙarshen Maris 2020, domin a ƙara gadajen jiyya a ɗakunan da ta ke koyarwa. Shugabannin makarantar suka ƙi amincewa, suka kai kuka a bainar jama'a, suna cewa ƙarin gadaje zai bukaci ƙarin ma'aikata, su kuwa su ne ke horad da su tun 1974.